Rijiyar Declan da hasumiyar Ardmore: ibada ce ko ragowar tsafi?

Tambaya: Ina aikin jinya a birnin Cork na ƙasar Ayalan. Abokan aiki sun kai ni wani ƙauyen bakin teku mai suna Ardmore. Na ga doguwar hasumiyar dutse a tsakiyar maƙabarta da wani coci marar rufi. Can bakin tsauni kuma na ga wata rijiya, tsofaffi suna zagaya ta da carbi a hannu, wasu na kankarar dutse da tsakuwa, wasu na ɗibar ruwan a gora. Wannan Kiristanci ne ko ragowar tsafin kakanninsu? Kuma mene ne tarihin gine-ginen nan?

Amsa: Malam, sannu da aiki, Allah ya taimaka. Abin da ka gani ibada ce ta Kiristoci 'yan Katolika, kuma da za ka ce wa tsofaffin nan tsafi suke yi, da ransu ya ɓaci ƙwarai. Addu'o'in da suke karantawa a bakin rijiyar su ne dai waɗanda suke karantawa a coci ranar Lahadi. Gaskiya ne girmama idon ruwa a Ayalan ya girmi zuwan Kiristanci, zan kuma kawo maka shaidar hakan. Amma a nazarin da na yi na tarihin cocin farko a tsibirin, abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa rijiyar nan wurin ibadar talaka ce. Ita ce ta rage masa lokacin da aka ƙwace masa coci, ita ce kuma ya ƙi saki lokacin da limamansa da kansu suka ce ya bari. Wanda bai san wannan ba zai ga tsohuwa tana zagaya kango ne kawai.

Komai na Ardmore yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, waliyyi Declan. Ɗan ƙabilar Déisi ne, mutanen da suka zauna a yankin da yau ake kira Waterford. Abin da mutanen garin ke tinƙaho da shi shi ne cewa Declan ya kawo musu Kiristanci tun kafin waliyyi Patrick, babban waliyyin ƙasar, ya iso Ayalan, wanda bisa al'ada ake sanya zuwansa a shekarar 432. Sukan lissafa shi cikin waliyyai huɗu na kudu da ake cewa sun riga Patrick: shi da Ailbe na Emly da Ciarán na Saigir da Ibar.

A nan sai an yi taka-tsantsan. Tarihin rayuwar Declan da ya iso gare mu an rubuta shi ne a ƙarni na 12, wato wajen shekara 700 bayan zamanin da ake cewa ya rayu. Kuma ba a rubuta shi haka kawai ba. A lokacin ana sake tsara cocin Ayalan, ana yanka ƙasar gunduma-gunduma ƙarƙashin bishop-bishop, a taron Ráth Breasail na 1111 da na Kells na 1152. Kowace tsohuwar cibiyar ibada tana neman a ba ta kujerar bishop, Ardmore kuwa tana da babbar kishiya a kusa, wato Lismore. Wace hujja ce ta fi ƙarfi a irin wannan takara? Ka ce wanda ya kafa ka ya riga kowa, har Patrick da kansa ya amince masa da ƙasar Déisi da suka haɗu a Cashel. Haka marubucin ya faɗa. Ardmore ta samu bishop ɗinta na ɗan lokaci, amma zuwa farkon ƙarni na 13 an narkar da ita cikin Lismore.

Wannan bai sa labarin ya zama ƙarya tsagwaronta ba. Akwai rubutaccen bayani daga wajen Ayalan cewa a 431 Fafaroma Celestine ya aika wani bishop mai suna Palladius zuwa ga mutanen Ayalan da suka riga suka gaskata da Almasihu. Ka ga ke nan akwai Kiristoci a tsibirin kafin Patrick. Ta ina addinin ya shigo musu? Gaɓar kudu maso gabas ita ce ke fuskantar Birtaniya, wadda ta daɗe a ƙarƙashin daular Rum a da, kuma wani reshe na Déisi ɗin nan ya ƙetare teku ya zauna a kudu maso yammacin Wales. Dangi a wannan gaɓa, dangi a waccan, jiragen ruwa na kai da komo da fatake da bayi. In akwai inda ya dace a samu Kiristocin farko a Ayalan, to irin Ardmore ne. Ni ra'ayina, Declan mutum ne da ya rayu da gaske, ya kafa wurin ibada a kan tudun nan, sauran ƙawar kuma 'yan baya ne suka yi masa.

Ƙetare tekun nan ya bar sawu a cikin almarar garin. Ban sani ba ko an nuna maka wani ƙaton dutse a bakin ruwa, can ƙarshen rairayin ta kudu, zaune a kan wasu ƙananan duwatsu. Shi ne Dutsen Declan. Labarin ya ce waliyyin yana dawowa daga Wales sai aka manta ƙararrawarsa a kan wani dutse. Ya yi addu'a, dutsen ya taso bisa ruwa ɗauke da ƙararrawar, ya wuce gaban jirgin, Declan ya ce duk inda ya tsaya nan zai kafa zangonsa. Masana duwatsu suna da nasu bayanin: dutsen ba irin na wurin ba ne, ƙanƙara ce ta turo shi daga wani waje a zamanin da ta lulluɓe ƙasar. Abin sha'awa shi ne mutanen da sun lura baƙo ne tun kafin wani masani ya gaya musu, suka kuma ba shi labarin da ya dace da baƙuntarsa. A ƙarƙashinsa akwai ɗan rami matsattse. Masu ziyara kan kwanta rub da ciki su kutsa ta wannan gefe su fita ta wancan, cikin jiƙaƙƙen yashi da gansakuka, don neman sauƙin ciwon baya da sanyin ƙashi. Tsofaffi kan ce mai ɗauke da zunubi ba ya iya wucewa.

Sai rijiyar. Mu fara da cewa ba rijiya ba ce irin tamu mai zurfi da guga. Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga jikin tsauni, aka yi mata ɗan gini na dutse mai ƙananan ƙofofi biyu, sai ka sunkuya kafin hannunka ya taɓa ruwa. A samanta akwai gicciye na dutse da aka sassaƙa siffar Almasihu a kai, iska da gishirin teku sun cinye fuskokin. Kangon da ke gefenta coci ne na tsakiyar zamani, an gina shi a inda ake cewa Declan ya koma ya kaɗaita da ya tsufa, don gudun hayaniyar masu zuwa wurinsa. Ana cewa da ruwan nan ya yi wa mutanen farko baftisma. Kusan duk rijiyoyin waliyyai na Ayalan haka labarinsu yake farawa, kuma akwai hankali a ciki: mai wa'azin da bai da coci tukuna, a bakin ruwa zai tara mutane.

Irin waɗannan rijiyoyi sun kai kimanin 3,000 a tsibirin. Da wuya ka samu yanki da ba shi da tasa. Kowace tana da waliyyinta da ranarta, da yawa kuma suna da cutar da aka san su da ita: wannan ta ido ce, waccan ta ciwon kai, wata ta haƙori, wata ta kurajen fata. In kana neman abin da zai kusanto maka da shi, tuna rijiyar Kusugu ta Daura, inda ruwa da labarin kafuwar gari suka zama abu guda, har baƙo ba ya jin ya ga garin sai ya leƙa ta.

Zagayen da ka ga suna yi yana da ƙa'ida. Ana bin hannun dama ne, yadda rana ke tafiya, ba a yin akasin haka, don a tsohuwar al'adarsu zagaye ta hagu na mai tsinuwa ne. Kowane wuri yana da adadin zagayensa da addu'o'in da ake yi a kowace tasha, yawanci Addu'ar Ubangiji da gaisuwar Maryamu, ana ja da carbi. Wasu kan ɗebi tsakuwa su riƙa yar da ɗaya bayan kowane zagaye don kada lissafi ya ɓace. A da, da yawa ba takalmi suke yi, wasu ma da rarrafe a kan gwiwa. Kankarar dutsen da ka gani kuwa alamar gicciye ce suke zanawa. Mutum zai ɗauki ɗan dutse ya bi sawun da na gabansa suka bari, tsaye sau ɗaya, kwance sau ɗaya. In ka koma, matsa kusa ka sa yatsa a ciki. Za ka ji kwarmin ya yi zurfi ya yi santsi, kuma ba guduma ko kurfi da ya taɓa shi, hannuwa ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Duk cikin abubuwan tarihin Ardmore babu wanda ke taɓa zuciyata kamar wannan kwarmi, domin shi kaɗai ne talakawan garin suka sassaƙa da kansu, kuma har yau ba su gama ba.

A wasu rijiyoyin za ka tarar da bishiya, galibi wata ƙaya mai farin fure, an ɗaure mata tsummoki. Mai ciwo kan jiƙa tsumma a ruwan ya shafa inda ke damunsa, ya ɗaure a reshe, da fatan yadda tsumman ke ruɓewa haka ciwon zai tafi. Akwai kuma zantuka da ke yawo daga rijiya zuwa rijiya: wai ruwanta ba ya tafasa ko an kwana ana hura wuta, wai in aka wanke tufafi a ciki takan ƙafe ta ɓullo a wani wuri, wai akwai kifi guda a ciki da wanda ya gan shi buƙatarsa ta biya.

To a nan ne tambayarka ta tsafi take da ƙarfi. Zagaye bisa tafiyar rana, bishiya mai tsumma, kifi mai tsarki, babu ɗayansu da ya fito daga Linjila. Kuma akwai shaida a rubuce. Wani bishop mai suna Tírechán, wanda ya rubuta labarin Patrick a ƙarshen ƙarni na 7, ya ba da labarin wata rijiya da bokayen ƙasar ke girmamawa kamar abin bauta suna kai mata baiko, Patrick ya zo ya sa aka ɗage dutsen da ya rufe ta. Dabarar cocin wancan zamani ke nan a wurare da yawa. A 601 Fafaroma Gregory ya rubuta wa masu wa'azinsa a Ingila cewa kada su rushe ɗakunan bautar mutane, su fitar da gumakan su tsarkake wurin, don mutane su ci gaba da zuwa inda suka saba. Saboda haka ba shakka wasu rijiyoyin sun sauya mai su ne kawai.

Inda nake rabuwa da masu yi wa baƙi jagora shi ne cewar da suke yi duka 3,000 ɗin na maguzawan da ne. Wannan magana tana da daɗin ji, tana kuma sayar da tikiti, amma hujjarta ba ta da yawa. Kaɗan ne daga rijiyoyin aka haƙa aka bincika, kuma a mafi yawansu babu abin da ya nuna an yi bauta a wurin kafin Kiristanci. Da yawa suna manne da tsoffin coci-coci, wato tare suka tashi. Tsarin ziyarar da muke gani yau, da zagayensa da carbinsa, bayanansa sun fi yawa ne daga ƙarni na 17 zuwa gaba. Wannan lokaci kuwa ba a banza ya zo ba.

Bayan sarautar Ingila ta ɓalle daga cocin Rum na Fafaroma a ƙarni na 16, gine-ginen coci na Ayalan sun koma hannun cocin gwamnati na Furotesta, alhali mafi yawan jama'a sun tsaya a Katolika. Babban cocin Ardmore da ka gani ba rufi, shi ma haka ya koma, wani ɓangarensa ya ci gaba da zama cocin Furotesta har cikin ƙarni na 19. Sai dokokin takura suka biyo baya. Aka kori bishop-bishop, aka sa wa limamai ido, aka hana 'yan Katolika riƙe muƙamai, aka ƙuntata musu mallakar ƙasa. Mutane suka koma yin sujada a fili, a kan faffaɗan dutse a bayan gari, wani na tsaye a kan tudu yana gadi. Rijiya kuwa ba ta da ƙofar da za a kulle, ba ta buƙatar limami, kowace tsohuwa ta san addu'o'inta da ka. Gwamnati ta gane haka. Dokar 1704 ta hana taruwa a rijiyoyi da wuraren ziyara, ta ɗauke shi a matsayin tarzoma, ta sa tarar sule 10, wanda bai biya ba a yi masa bulala a bainar jama'a. Ba a yi wa abin da ya mutu doka. Dokar ita kanta shaida ce cewa wuraren a cike suke, kuma ba ta hana komai ba.

Ranar Declan ita ce 24 ga Yuli. Irin wannan rana suna kiranta Pattern, ranar waliyyin gari. Waɗanda suka ga ta Ardmore a farkon ƙarni na 19 sun ba da labarin dubban mutane, rumfuna jere a hanya, masu sayar da abinci da giya, makaɗa, guragu da makafi masu bara, jama'a na layi don kutsawa ƙarƙashin dutse. Da safe ibada, da yamma rawa da sha, wani lokaci a ƙare da faɗan sanduna tsakanin dangi da dangi. Yawancin masu wannan rubutu baƙi ne 'yan Furotesta da suka zo da ƙyamar abin a ransu, don haka sai an tace maganarsu. Amma shan da faɗan sun faru.

Wannan ne ya jawo wa rijiyoyin abokin gaba na biyu, daga cikin gida. Da aka sassauta dokoki, musamman bayan 'yancin da 'yan Katolika suka samu a 1829, cocinsu ya shiga gina manyan majami'u, yana son ibada ta dawo ƙarƙashin rufi da idon limami, yana kuma jin kunyar abin da baƙi ke rubutawa. Limamai da yawa suka hana bikin a yankunansu. Sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta zo ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu fiye da miliyan 1 suka yi hijira, kuma waɗanda ta fi kwashewa su ne talakawan karkara masu magana da harshen Ayalan, wato ainihin masu rijiyoyin. Bayan taron bishop-bishop na Thurles a 1850, ƙarƙashin babban bishop Paul Cullen, aka ƙara ɗaure ibada bisa tsarin Rum. Rijiyoyi da dama ciyawa ta rufe su daga nan. Ta Ardmore ba a daina zuwa ba. Shi ya sa nake cewa kalmar ragowa ba ta yi mata adalci ba. Abin da gwamnati ta sa wa tara, limami ya yi wa faɗa daga kan mumbari, yunwa ta kwashe masu yinsa, amma ka je ka tarar da shi da ranka a wannan zamani, mutane ne suka zaɓi riƙe shi da saninsu.

Yanzu mu hau tudu wurin gine-ginen. Mafi tsufa shi ne wanda ya fi ƙanƙanta, kuma baƙi da yawa kan wuce shi ba su kula ba: ɗan ɗakin dutse a gefen maƙabarta, bai fi ɗakin kwana ɗaya ba. Ana danganta gininsa da wajen ƙarni na 8 ko bayansa kaɗan, kuma a nan ake cewa kabarin Declan yake. Rufin da ke kansa na baya ne, wani bishop ɗin Furotesta mai suna Thomas Milles ya sa aka yi a 1716. In ka leƙa ciki za ka ga rami a daɓen. Masu ziyara ne suka yi ta ɗibar ƙasar kabarin suna kai wa gida don neman tsari daga cuta, har wurin ya zurma.

Hasumiyar kuwa ta ƙarni na 12 ce, tsayinta ya kusa mita 30, tana cikin na ƙarshe da aka gina a ƙasar kuma tana cikin mafi kyau. Duba yadda take tsukewa tana hawa, da zobban dutse da suka ɗaure ta hawa-hawa, abin da ba kasafai ake gani a sauran ba. Ƙofarta tana sama da ƙasa da kimanin mita 4. Za a gaya maka wai don gudun 'yan Viking ne, maharan teku daga arewacin Turai, a hau da tsani a janye shi. Ka riƙe wannan da sassauci. Harin Viking na farko a Ayalan a 795 ne, kuma kafin a aza tubalin wannan hasumiya zamanin hare-harensu ya wuce, jikokinsu sun zama Kiristoci 'yan kasuwa a Waterford da Cork. Ban da haka, dogon bututun dutse mai benaye na katako mugun wurin ɓuya ne in aka cinna wuta a ƙofa. Sunan da tsoffin littattafan tarihin ƙasar ke kiran irin wannan gini yana nuna ɗakin ƙararrawa ne. Daga tagogin sama ake kaɗa ta don kiran ibada, a ciki ake ajiye littattafai da kayan daraja, tsayinta kuma yana shaida wa na teku da na tudu cewa ga babban wuri. Ɗaga ƙofar yana da amfani ga ƙarfin ginin, don harsashin irin waɗannan hasumiyoyi ba shi da zurfi. In ka tuna takarar Ardmore da Lismore, za ka gane dalilin da ƙaramin wuri zai kashe dukiya haka a daidai wannan ƙarni.

Sau ɗaya da aka tabbata an fake a cikinta, bai yi kyau ba. A 1642, lokacin yaƙin da ya biyo bayan tawayen 1641, mayaƙan Ayalan sun tare a hasumiyar da wata ganuwa da ke kusa. Sojojin ɓangaren Ingila suka kewaye su, mayaƙan suka miƙa wuya, aka rataye fiye da mutum 100.

Babban cocin shi ma aikin ƙarni na 12 ne, aka ƙara masa a na 13. Kada ka tsaya a ciki kawai, zagaya bangon yamma ta waje. Akwai jerin sassaƙe-sassaƙe a cikin ƙananan bakuna na dutse, irin wa'azin da ake yi wa wanda bai iya karatu ba. Wasu sun goge, amma za ka gane Adamu da Hawwa'u da bishiya a tsakaninsu, da masanan gabas da suka kawo wa jariri Isa kyauta, da Mala'ika Mika'ilu riƙe da ma'auni yana auna rayuka. Akwai kuma wanda ba sai an fassara maka ba: Annabi Sulaimanu a zaune da mata biyu masu jayayya a kan jariri, ga takobi an zare. Ƙissar nan tana cikin Littafi Mai Tsarki, tana kuma cikin hadisi.

A cikin cocin an jingine duwatsu biyu masu tsage-tsage a gefe. Rubutu ne, sunansa ogham, mafi tsufan rubutun harshen Ayalan. Haruffa 20 ne na asali, kowanne 'yan layuka ne daga 1 zuwa 5 da ake yankawa a kaifin dutse, ana karantawa daga ƙasa zuwa sama. Yawanci sunan mutum ne da na ubansa ko zuriyarsa. Kimanin 400 suka rage, mafi yawa a Kerry da Cork da Waterford, wasu kuma a Wales, inda dangin Déisi suka zauna. Suna komawa wajen ƙarni na 5 da na 6. Su ne abin da ya fi kusa da zamanin Declan a duk filin, kuma su ne suka tabbatar cewa tudun yana da daraja tun wancan lokaci.

Hanyar da ta wuce rijiyar tana zagaya bakin tsaunin, wajen kilomita 4. A kanta akwai hasumiyar tsaro ta zamanin da ake fargabar harin Faransa ƙarƙashin Napoleon, da ɗan ɗakin sa ido na Yaƙin Duniya na Biyu, da ɓaraguzan Samson, wani jirgin ɗaga kaya da guguwa ta tsinke daga mai jansa ta maka shi a duwatsu a 1987. Akwai kuma rijiya ta biyu, ta Fada O'Donnell. Ginin da ke kanta na 1928 ne, wani mutumin Limerick ya yi shi da taimakon 'yan gari bayan ya gamsu cewa ruwan na maganin ciwon ido. Ka ga ko a ƙarni na 20 ana ɗaga sabuwar rijiya, ba tare da wani boka na zamanin da ba.

Tunda ma'aikacin jinya ne kai, na san tambayar da ke biye: yana warkarwa? An gwada ruwan wasu rijiyoyin an samu ma'adinai kamar ƙarfe da farar wuta. A wani kwari a Kerry da aka daɗe ana kai masu taɓin hankali, gwaji ya nuna sinadarin lithium a ruwan fiye da yadda aka saba gani, kodayake bai kai ko kusa da abin da likita ke rubutawa ba. A Boho ta Fermanagh, inda mutane ke ɗibar ƙasar maƙabarta don magani, masu bincike na Jami'ar Swansea sun ba da rahoto a 2018 cewa sun samu wata ƙwayar halitta a ƙasar yankin da ke hana wasu ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani girma a ɗakin gwaji. Waɗannan abubuwa ne masu ban sha'awa, amma ba su mai da rijiya asibiti ba, kuma yawancin masu zuwa ba su ɗauke ta haka ba. Matar da ka gani da gora wataƙila jiya tana wurinku a asibiti, gobe ma za ta koma. Abin da take samu a nan daban ne: tafiya a ƙafa, iskar teku, addu'a a inda uwarta da kakarta suka yi, da ɗan abin da za ta kai wa maras lafiya a gida ta ce na je maka. Ruwan dai ba a tace shi ba, kuma gonaki da shanu ne a saman tudun, don haka ba na ba kowa shawarar sha ba tare da tafasawa ba, balle mai raunin garkuwar jiki.

Abin da ke damuna shi ne ƙananan rijiyoyin da ba su da hasumiya a gefensu. Magudanan gona sun ƙafar da wasu, faɗaɗa hanya ya binne wasu, wasu kuma suna nan amma wanda ya san yawan zagayensu da addu'arsu ya rasu. Sa'ar da aka yi ita ce tsakanin 1937 da 1939 hukumar adana al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa yaran firamare fiye da 50,000 su tambayi iyaye da kakanni su rubuta abin da suka ji. Littattafan yaran suna intanet a shafin Dúchas, da rubutun hannunsu, kuma labarin rijiyoyi ya cika su. In ka sa sunan kowane ƙauye da ke kusa da inda kake aiki, da wuya ka fito hannu wofi.

Game da kai Musulmi, hukuncin shiga ibadar wani addini na malamai ne, kuma ba wanda zai nemi ka yi zagaye ko ka zana gicciye. Wurin a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko sisi. Ladabinsa kaɗan ne: kada ka tsaya a hanyar masu zagaye, kada ka ɗauki hoton mai addu'a sai da izininsa, kada ka taɓa carbi ko kyandir ko hoton da wani ya ajiye, don kowanne akwai mai ciwo ko mamaci a bayansa. Maƙabartar ma ana binne mutane a cikinta har yanzu. In ka gaishe da tsofaffin ka tambaye su, za su ba ka labari fiye da wanda na ba ka, kuma kada ka yi mamaki in da jin Najeriya wani ya ce kawunsa fada ne ko gwaggonsa sista ce da ta koyar a Jos ko Kaduna, don limaman mishan da yawa da suka yi aiki a Arewa daga yankin Cork suka tashi.

Daga Cork tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, ka bi hanyar Waterford, ka wuce Youghal kaɗan sai ka ratse dama. Masu ƙarfin ƙafa kuma akwai Hanyar Declan, wajen kilomita 115 daga Cashel zuwa Ardmore, ana yin ta cikin kwanaki. Idan kana son ganin wurin cike da masu shi, nemi hutu a makon 24 ga Yuli. A daren jajibiri akan taru a rijiyar da kyandirori har tsakar dare, garin kuma yana da bikin kwanaki a wannan mako. Ka duba jadawalin cikar teku da janyewarsa kafin ka taso, domin sai ruwa ya janye ake iya kaiwa ƙarƙashin Dutsen Declan, kuma ka sa takalmi mai kama ƙasa, duwatsun wurin suna da santsi.